A Mina, Ka Bi Bayan Mahaifiyarka

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Daga Ƙauran Namoda, zuwa ga ɗana na fari, maniyyacin bana.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida maiɗakinka da jikokina, da mutanen Zurmi baki ɗaya, har da malaman makarantar da kake koyarwa. Allah Ya sa takardar nan ta same ku lafiya kamar yadda ta bar mu.

Tun ranar da ka aiko cewa sunanka da na mahaifiyarka sun fito a jirgi na biyu, gidan nan bai sake zama wuri ɗaya ba. Ni da kaina na sanar da mutum uku a masallaci, kafin in kai bakin tasha labarin ya riga ni. Mahaifiyarka ta ɗaure jakarta ta kwance ya fi sau biyar. An daka yaji, an yi garin kunu, 'yan'uwanta na Banga sun zo da dakuwa cike da kwano, sai ka ce a Makka ba a cin abinci. Ni kuwa murna ta hana ni zama. Jiya ina cikin alwala na ji bakina yana Labbaika shi kaɗai, har ƙanwarka ta leƙo tana tambaya ko da ni za a tafi. Allah Ya yi maka albarka da ka ɗauki nauyin kai ta. Ka yi abin da na daɗe ina so in yi ban samu iko ba.

Da na so in zaunar da kai in gaya maka abin da ke cikin takardar nan. Amma ka san mu. In ka zo gaishe ni, kanka na ƙasa, ni ina kallon bango, a gama gaisuwa ka tashi. Shi ya sa na ɗauki biro. Maganar duka a kan tafiyar ƙasa ce, domin aikin Hajji da ƙafa ake yin sa, jirgi iyakarsa ya sauke ku ya juyo.

Ka san ni ɗan kora ne tun ina saurayi. Mu ne muke koro shanu daga kasuwar Shinkafi mu kawo su Ƙaura a loda a jirgin ƙasa, a lokacin da mutum zai ratsa dajin nan da sanda kawai ba ya tsoron kowa. Ƙafata kuwa ta yi suna. Abokaina sukan ce in an sa ni a gaba, shanun ne suke roƙon a huta. Da wannan girman kan na tafi Hajji da kakarka, marigayiya Inna, Allah Ya jiƙanta. Malamai suna yi mana bita suna cewa akwai tafiya mai tsawo, a tanadi ƙarfi, ni ina baya ina dariya a zuci. Na ce waɗannan 'yan ofis suke yi wa magana.

Wautata ta farko takalmi ce. Ana jibi za mu tashi na shiga kasuwa na sayi sabon takalmin fata, mai ƙamshi, mai ƙara in ana takawa. Na saya wa Inna ma, don ina jin kunyar tsohon silifas ɗinta da ya sha ɗinki har sau biyu. Ta karɓa ta sa albarka, ta tura shi ƙasan jaka, ta ci gaba da sa tsohon abinta. Kwana biyu da saukarmu Makka, sabon takalmin nan ya yanke ni a bayan dunduniya da tsakanin yatsu. Ni da na kori shanu shekara da shekaru, sai ga ni ina ɗingishi a bayan tsofaffi, ina yi musu murmushin ƙarfin hali. Saboda haka takalmin da kake zuwa makaranta da shi kullum, wanda ya riga ya san ƙafarka, shi za ka tafi da shi muddin ya dace da harami. Na ji an ce ka saya wa mahaifiyarka wani mai laushi. Madalla. To ta fara sa shi tun yau, ta je gidan suna da shi, ta je asibiti allurar maniyyata da shi. In ya cije ta, ya cije ta a nan inda akwai mai dafa mata ruwan zafi.

Akwai kuma maganar da ba a faɗa a wajen bita saboda akwai mata. Zanen harami ba wando a ciki. In ka yi doguwar tafiya cikin zufa, cinyoyi suna gogar juna har su saɓule. Ni da ya same ni, tafiya nake ƙafa a buɗe sai ka ce yaron da aka yi wa kaciya, mutanen ɗakinmu suna ta dariya har da hawaye. Ka riƙe basilin marar ƙamshi, ka shafa kafin ka fita, ba bayan ka dawo ba.

Ka shirya wa ranar da idonka zai fara sauka a kan Ka'aba. Ba zan iya kwatanta maka ba, ko na cika takarda goma. Ni dai addu'o'in da na haddace duk suka gudu, na tsaya ina kuka a tsakiyar mutane ba kunya. Daga ranar sai wani irin zumuɗi ya kama ni. Masaukinmu da nisa, amma salla biyar sai na taka na je Masallacin Ka'aba na dawo, kuma kowane zuwa sai na ƙara da ɗawafi. Abin da daɗi, ba ka ƙoshi. Inna takan bi ni sau biyu, wani lokaci sau uku, ni ina gaba tana baya, kamar yadda muka saba a gida. Ban taɓa tsayawa na lissafa cewa ainihin aikin yana gaba ba. Kafin a fita Mina na riga na cinye rabin ƙarfina, na cinye nata fiye da rabi. Abin haushi, wannan darasi na san shi tun ina yaro. Ubangidana a kora, marigayi Ɗan Bawa, duk safiya kafin mu tashi sai ya zaga garke ya nemo saniyar da ta fi rauni, ya ce yau da tafiyar wannan za mu yi. Na kiyaye wannan a kan shanun mutane, na manta da shi a kan mahaifiyata. Kai dai ka yi ibadarka, amma saura kwana uku a fita Mina ku rage zirga-zirga, ku yi salla a masallacin kusa, ku kwanta ku miƙe ƙafa.

Yanzu ga maganar da ta sa na rubuto.

Ni ma ɗan fari ne, kamar kai. Ana yaye ni aka kai ni riƙo wajen gwaggona a Zurmi, sai da na yi wayo na dawo. Tun da nake ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. In tana son a kira ni sai ta ce wa ƙannena, “Ku kira wancan.” Ba ta cin abinci a gabana, ba ta kallon idona, in na shiga ɗaki sai ta sami abin gyarawa a bayan gado. Ba ƙiyayya ba ce, kai ma ka sani, kunyar ɗan fari ce, kuma da ita muka tashi muna ganin ta ado. Ban taɓa tunanin cewa wannan adon zai iya cutar da mutum a ƙasar da ba a san shi ba.

A Mina tantin mata daban, na maza daban. Kowace rana bayan rana ta karkata za a fita jifan Shaiɗan, a taka a je a taka a dawo, kuma tantinmu yana can ƙarshe. Rana tana dukan kai, kwalta tana dukan ƙafa. Amma wallahi tafiyar nan da daɗi take. Ga mutane iya ganinka, baƙi da farare, wani ya ɗauko tsohonsa a kafaɗa, wasu sun jeru riƙe da rigar juna, kabbara tana tashi ta ko'ina har ka ji ta a ƙirjinka. Wasu suna tsaye a gefe suna fesa wa mutane ruwa a fuska. Ni da na ji iskar nan, ƙafar kora ta motsa. Nakan juyo in ce, “Inna, kin gaji?” Ta ce, “A'a.” In miƙa mata gorar ruwa, ta girgiza kai. Sai in ce a raina, tsohuwar nan akwai ƙarfi, ashe a wajenta na gado.

Ashe ƙishi take ji kamar ta mutu. Wata mutuniyar Shinkafi da suke tanti ɗaya, Hajiya Ige, ita ta gaya mini daga baya. Inna ta daina shan ruwa tun safe, don kada fitsari ya kama ta a hanya. In ya kama ta, dole ta gaya mini, ni kuwa ɗan fari ne. Ta gwammace ta bushe.

Rana ta biyu ta jifa muka je lafiya, muka yi jifanmu, muka juyo. Akwai wata hanya da aka huda ta cikin dutse, in kun fito daga cikinta sai jama'a ta rabu biyu. Ina gaba ina kabbara, raina fes, ina ta ratsa mutane yadda nake ratsa garke. Ban waiwaya ba sai da na ga tutar tantinmu. Na juyo in ce Inna mun iso, sai na ga wata baƙuwar fuska a bayana.

Na koma da gudu. Na bi hanyar nan har bakin dutse, na dawo, na sake komawa. Ka san matan jiharmu duk kaya iri ɗaya aka ɗinka musu, kuma ga dubban mata zaune a gefen hanya sun rufe kai saboda rana. Ina tafe ina kiran “Inna! Inna!”, tsofaffi goma suna ɗago kai, ba ita. Na tambayi ma'aikata da hannu da ka, ba mai jin abin da nake faɗa. La'asar ta yi, ta wuce. A ranar na san cewa tsoro yana da ɗaci a baki. Na tsaya a tsakiyar hanya na ce, ya Allah, na kawo ta ɗakinKa, kada Ka sa in koma Ƙaura in ce wa ƙannena na yar da ita.

Hajiya Ige ce ta gan ta, suna dawowa daga nasu jifan da yamma. Tana zaune a gindin wani ginshiƙi, ba nisa da bakin dutsen nan, wurin da na wuce ta gabansa. An take mata silifas ɗaya a cikin turereniya ya ɓace, ta yi ta takawa a kan kwalta mai zafi da ƙafa ɗaya ba takalmi tana ƙoƙarin cim mini, har tafin ƙafar ya tashi. Da jiri ya ɗebe ta sai ta zauna. Aka kai ta asibitin alhazai aka yi mata ƙarin ruwa, aka naɗe ƙafar.

Da ta farfaɗo na durƙusa a gefen gadon. Ba ta dube ni ba, bango take kallo. Can ta ce, “Ai na gane ka. Sau ukku kana wucewa.”

Na ce, “Inna, kin gan ni? To don mi ba ki kira ni ba?”

Ta ce, “Na kira. Nic ce kai, kai wanga. Ba ka jiya ba.”

Na ce, “Inna, cikin mutanen ga duka, wa a kai wanga? Da sunana kinka kira ai da na jiya.”

Ta ƙara juya fuska ga bango. Sannan ta ce, “Na buɗe baki. Ya ƙi hitowa.”

Na fita waje na zauna a ƙasa na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da mahaifina ya rasu. Washegari ni na yi mata jifa. Ɗawafin da ya rage mata, da na bankwana, a keken turawa ta yi su, ita da ta yi shekaru tana cewa burinta ta zaga Ɗakin Allah da ƙafarta ta yi masa sallama. Ina tura ta ina ganin tana leƙen ƙafafun mutane. Har ta koma ga Allah ba ta taɓa tayar mini da maganar ba, kuma da a ce ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

To ɗana, mahaifiyarka irin Inna ce, har ta fi ta. Kai ma shaida ne. Shekararka nawa a duniya, ka taɓa jin ta kira ka? Kada ka ce ai yanzu akwai waya. Na duba wayarta, lambarka “Wancan” aka rubuta a kai, kuma ba ta taɓa danna ta da hannunta ba, sai dai ta miƙa wa ƙanwarka ta ce a kira yayanku. Kai kuma ƙafata ka ɗauko. Na sha hango ka daga ƙofar gida in ka sauka a mota, kana tafe kamar ana bin ka, 'ya'yanka suna gudu a baya. Da na haɗa wannan da wancan sai murnata ta gauraya da fargaba.

Shekaranjiya da hantsi na same ta tana tankaɗen garin kunu, na ce bari in gwada sa'ata. Na ba ta labarin Inna tun daga farko, ko da yake ta san shi. Na ce mata malamai sun ce wannan kunya al'ada ce, ba addini ba, kuma rai ya fi ta. Na ce, “Mutuniyar Banga, gwada mu ji. Ba kowa a gidan, daga ni sai ke. Hwaɗi sunan sau guda.”

Ta ajiye rariya ta ce, “Allah shi kiyaye. Abin da ban yi ba cikin ɗakina, shi za ni yi gaban Ɗakin Allah?”

Na yi lallashi, na yi faɗa, har na ce to ta kira ni ɓarawon akuya in dai za ta faɗa. Ta yi dariya har da riƙe ciki, amma bakin nan bai buɗe ba. Na haƙura. Wanda bai canza ba a shekara arba'in, ba ni zan canza shi a kwana biyar ba. Saboda haka aikin ya dawo kanka.

Duk inda za ku taka, ita ce gaba, kai ne baya. Daga masauki zuwa masallaci, daga tanti zuwa jifa, ranar Arfa, ko'ina. Ba za ta so ba. Za ta ji nauyin kana kallon ta, za ta riƙa rage tafiya don ka wuce. Kada ka yarda. Ka tsaya ka yi kamar kana gyara takalmi har sai ta yi gaba. In turereniya ta yi yawa ka kama gefen hijabinta ka naɗe a hannu, ko za ta yi kwana biyu tana fushi. Kada ka taɓa tambayar ta ko ta gaji, amsar a'a ce ko tana faɗuwa. Kai za ka ce ka gaji, ka nemi inuwa ka zauna, ka yi ta haki na ƙarya har sai ka ga numfashinta ya daidaita. In za ka ba ta ruwa, ajiye gorar kusa da ita ka juya baya kana kallon wani wuri, kada ka juyo sai ka ji ta ajiye. Duk inda kuka ga banɗaki ka ce kai ne kake son zagawa, ka nuna mata ɓangaren mata da hannu ba tare da ka dube ta ba, ka daɗe a ciki. Ka saka silifas na biyu a jakarka saboda ita. Tun a sansanin alhazai ka nemi wata mace mai hankali a cikin 'yan ɗakinsu ka gaishe ta da kyau, domin abin da mahaifiyarka ba za ta gaya maka ba, ita za ta gaya wa. In kuma ka ga ƙafar ta ƙi, addini ya yarda ka yi mata jifa, amma ita ba za ta roƙe ka ba, kai za ka nema.

Na san za ka ga samari sa'anninka suna wuce ku, suna zuwa su dawo kuna hanya. Ƙafarka za ta yi ta ƙaiƙayi, na san wannan ƙaiƙayin. Ka bar su su wuce. Ba a raba lada a bakin tanti ga wanda ya fara isowa.

Kafin in tashi daga wajenta ranar nan, na yi mata tambaya ta ƙarshe. Na ce, “To in Allah Ya ƙaddara kunka rabu, kina zaune, ga shi ya zo shina wucewa bai gane ki ba, mi za ki yi?”

Ta ɗauki rariyarta ta ci gaba da tankaɗe. Har na kai bakin ƙofa sai na ji ta ce, a hankali, “In bi shi da ido. Awa yadda nika yi tun shina rarrafe.”

Ka ji abin da za ta yi. Za ta zauna a rana tana kallon ka har ka ɓace, tana sa maka albarka a zuci, ba za ta ce uffan ba. Don Allah, ɗana, kada ka bari ta ga bayanka a ƙasar nan ko sau ɗaya. Ina so ta zaga Ɗakin Allah ta yi masa sallama da ƙafarta.

Allah Ya kai ku lafiya, Ya tsare ku a sama da ƙasa, Ya tsare hanyar da za ku bi zuwa sansani. Allah Ya ba ƙafafunku ƙarfi, Ya sanyaya muku rana, Ya karɓi aikinku. In kun tsaya a Arfa ku roƙa wa ƙasarmu zaman lafiya, ku roƙa wa Inna rahama, ni kuma ka roƙa mini gafarar abin da na yi mata. Allah Ya dawo mini da ku ku biyu, ina nan bakin ƙofa ina jira.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka.